Bluetooth: Yadda Sauti Yake Tafiya Daga Salula Zuwa Rediyon Mota Ba Tare da Waya Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana shiga motar haya a kan hanyar da ta taso daga Koko, ta ratsa Mahuta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, ta nufi Dabai da Zuru a Jihar Kebbi, zai iya ba da labarin irin canjin da aka samu a gaban direba. A shekarun 1980 da 1990 kaset ne yake tashe. Direba kan tara kaset-kaset na su Shata da Ɗanƙwairo a aljihun mota, in zaren ya sarƙe a zaro shi a naɗe da biro. Daga baya faifan CD ya shigo, amma gargadar hanya da ƙura suka hana shi sakat. Sai kuma katin memori da filashi suka karɓe fagen. A yau kuwa, direba kan shiga mota da wayar salula a aljihu, yana tayar da inji sai kawai a ji sauti ya fito daga lasifikokin mota, alhali babu wata waya da ta haɗa salular da rediyon.

Abin da yake yin wannan aiki shi ake kira Bluetooth. Jama'a da dama suna amfani da shi kullum, amma kaɗan ne suka san abin da yake gudana tsakanin na'urorin biyu. Rashin sanin kuwa yana da hasara: akan yi asarar kuɗi wajen sayen na'urar da ba ta dace da mota ba, akan ƙona rediyo saboda kuskuren haɗi, sannan akan ɗauka cewa tunda ba a riƙe da salula a hannu, to babu haɗari a yi ta hira ana tuƙi. Wannan maƙala za ta bayyana asalin wannan fasaha, da yadda take aiki, da hanyoyin sanya ta a tsohuwar mota, da dangantakarta da lafiyar jiki, sannan ta kawo wasu ayyuka da ɗaliban sakandare za su iya yi da hannunsu.

Asalin Fasahar da Sunanta

An ƙirƙiro Bluetooth a kamfanin Ericsson, a birnin Lund na ƙasar Suwidin. A shekarar 1994 wani injiniya ɗan ƙasar Holan mai suna Jaap Haartsen ya duƙufa a kan neman hanyar da salula za ta yi magana da ƙananan na'urorin da suke kusa da ita ba tare da kebur ba. Da yake fasahar ba za ta yi amfani ba sai kayan kamfanoni daban-daban sun fahimci juna, a shekarar 1998 kamfanoni biyar, wato Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, suka kafa ƙungiya guda domin tsara ƙa'idojin da kowa zai bi. Aka fitar da tsari na farko a 1999, wato shekara biyu kafin wayar GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001.

Sunan kuwa wani ma'aikacin Intel mai suna Jim Kardach ne ya kawo shawararsa. Ya aro shi daga laƙabin Harald, wani sarkin ƙasar Denmak na ƙarni na 10, wanda ake yi wa laƙabi da “mai shuɗin haƙori”. Tarihi ya san wannan sarki da haɗa kan ƙabilun ƙasarsa, su ma kamfanonin burinsu ke nan, su haɗa kan na'urori. Alamar nan da ake gani a fuskar salula haruffa biyu ne na tsohon rubutun mutanen arewacin Turai, masu daidai da H da B, aka ɗora ɗaya kan ɗaya.

Igiyoyin Rediyo

Bluetooth ƙaramin gidan rediyo ne, mai watsawa kuma mai karɓa. Saboda haka sai an fahimci igiyoyin rediyo kafin a fahimce shi. In wutar lantarki tana kai da komowa da sauri a cikin sandar ƙarfe, wato eriya, takan haifar da wasu igiyoyi na lantarki da maganaɗisu waɗanda suke bazuwa cikin sarari da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. James Clerk Maxwell ne ya yi hasashensu da lissafi a shekarun 1860, sannan Heinrich Hertz na Jamus ya tabbatar da su a ɗakin gwaji a ƙarshen shekarun 1880. Don girmama shi ne ake auna yawan kaɗawar igiya da ma'aunin haz. Haz ɗaya shi ne kaɗawa ɗaya a daƙiƙa, megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya, gigahaz ɗaya kuwa kaɗawa miliyan dubu.

Tashoshin FM suna watsa shirye-shiryensu tsakanin megahaz 87.5 da 108. Shi kuwa Bluetooth yana aiki a kan gigahaz 2.4, wani zango da yawancin ƙasashen duniya suka bar shi a buɗe ga ƙananan na'urori ba tare da neman lasisi ba. Ɗalibi yana iya gano tsawon igiyarsa da kansa: a raba mita 300,000,000 da 2,400,000,000, amsa ita ce mita 0.125, wato santimita 12 da rabi. Da yake eriya mai tsawon rubu'in igiya tana aiki sosai, santimita 3 kacal ake bukata. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a ganin eriyar Bluetooth. Ɗan zanen tagulla ne a jikin allon na'urar, alhali rediyon FM yana bukatar sanda mai tsawon kusan santimita 75.

Ƙarfin watsawar ma kaɗan ne ƙwarai. An kasa na'urorin aji-aji: aji na ɗaya yana watsawa da ƙarfin miliwat 100, yana kaiwa kimanin mita 100, aji na biyu miliwat 2.5, kimanin mita 10. Aji na uku miliwat 1, kimanin mita 1. Kuma a fili, in aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin da yake isa ga mai karɓa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Dabarar Tsalle-tsalle

Tun da zangon gigahaz 2.4 a buɗe yake ga kowa, cunkoso ya yi yawa a cikinsa. Wi-Fi yana nan, murhun lantarki mai ɗumama abinci da igiyoyi yana nan, ga kuma salula goma ko ashirin a tashar mota guda. To, yaya aka yi waƙar wannan direba ba ta faɗawa cikin rediyon wancan?

Amsar tana cikin wata dabara ta sauya zango a kai a kai. An raba filin da yake tsakanin megahaz 2,402 da 2,480 zuwa ƙananan tashoshi 79, kowace da faɗin megahaz ɗaya. Na'urori biyu da suka haɗu ba su tsayawa a tasha ɗaya. Sukan yi ta tsalle tare daga wannan zuwa waccan, har sau 1,600 a daƙiƙa. Jerin tashoshin da za su bi ana lissafa shi ne daga lambar shaida da agogon na'urar da take jagorantar haɗin, kuma kowace na'ura tana da lambarta. A kwatanta da mutum biyu da suke ciniki ranar kasuwar Mahuta, waɗanda suka yi alkawarin faɗar kalma ɗaya a rumfar masu hatsi, ta biyu a ta masu gishiri, ta uku a ta maƙera. Ko da sun tarar da hayaniya a wata rumfa, kalma ɗaya ce za ta ɓace, sai su maimaita ta a rumfa ta gaba. Haka na'urorin suke yi: saƙon da ya lalace a hanya a sake aiko shi. Daga tsarin 2003 an ƙara musu wayo, ta yadda sukan gane tashoshin da hayaniya ta yi wa yawa su riƙa tsallake su.

Wannan dabara ta girmi Bluetooth. A shekarar 1942 wata 'yar fim mai suna Hedy Lamarr da wani mawaƙi, George Antheil, sun sami takardar mallakar wata fasaha irin wannan a Amurka, wadda suka tsara domin hana abokan gaba dagula saƙon rediyo a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Daga Sauti Zuwa Lambobi

Sauti girgizar iska ce. Kafin a ajiye shi a salula sai an mayar da shi lambobi, sifiri da ɗaya, waɗanda kowane guda ake kiransa bit. A faifan CD ana auna tsayin igiyar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo yana cin bit 16, kuma akwai ɓangaren dama da na hagu. In aka ninka 44,100 da 16 da 2, za a sami bit 1,411,200 a kowace daƙiƙa. Bluetooth na farko kuwa abin da yake iya ɗauka na ainihin saƙo bai wuce kimanin bit 720,000 ba. Kaya sun fi ƙarfin jaki ke nan, dole a rage su. Ko bayan da aka ƙara masa sauri a 2004, an ci gaba da rage kayan domin a bar sararin maimaita abin da ya ɓace.

A nan ne ilmin halittu ya shigo. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa haz 20,000. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar dodon koɗi, cike da ruwa, wadda take ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000. Kowane sashe nata yana amsa wani nau'in sauti, masu kauri a can ƙurya, sirara a kusa da bakinta. In sauti mai ƙarfi ya girgiza wani sashe, to sauti mai rauni da yake kusa da shi a kaifi ba ya jiwuwa, kamar yadda tambari yake danne ƙaramar ganga. Injiniyoyi sun yi amfani da wannan hali na kunne: tsarin matse sauti yakan rage kulawa da abin da kunne ba zai lura da shi ba, ya adana bit ɗinsa ga abin da ake ji. Tsarin da kowace na'urar kiɗa ta Bluetooth ta gargajiya take da shi, mai suna SBC, yakan sauko da kayan zuwa kimanin bit 328,000 a daƙiƙa, ƙasa da rubu'in na faifai, kuma a cikin rugugin mota da wuya a ji bambanci.

Matsewa da aikawa da warwarewa suna ɗaukar ɗan lokaci, sau da yawa kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Shi ya sa in ana kallon fim a salula sauti yana fita ta lasifikar mota, wani lokaci akan ga baki ya riga murya motsi.

Haɗin Farko da Rabon Aiki

Kafin na'urori biyu su fara aiki tare sai sun gabatar da kansu ga juna. Rediyon mota yakan bayyana sunansa, salula ta gan shi, mai ita ya amince. A tsofaffin na'urori akan shigar da lamba, galibi 0000 ko 1234. Daga tsarin 2007 an sauƙaƙa abin, akan nuna lamba a fuskokin biyu a tabbatar iri ɗaya ce. Daga nan sai su ƙulla wani mabuɗin sirri su ajiye, wanda da shi suke gane juna gobe ba tare da an sake tambaya ba.

Kowane aiki kuma yana da tasa ƙa'ida. A2DP ita ce ta aika kiɗa, AVRCP ta maɓallan tsayarwa da wucewa gaba, HFP ta amsa kira, PBAP kuwa ta kwafe sunaye da lambobin waya zuwa rediyon mota. Sanin wannan yana warware wani abu da yake ɗaure wa direbobi kai. Akwai motocin da aka ƙera a shekarun 2000, irin waɗanda ake shigowa da su na hannu ta Kwatano, da rediyonsu yake amsa kira amma ba ya karɓar kiɗa. Ba lalacewa ya yi ba, ƙa'idar kira kaɗai aka sanya masa. Har ila yau, wanda zai sayar da motarsa, ko ya haɗa salularsa da motar aro, ya kamata ya goge sunansa daga rediyon, domin lambobin mutanensa suna iya zama a ciki.

Sanya Bluetooth a Tsohuwar Mota

Akwai hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari. Tana karɓar sauti daga salula ta Bluetooth, sannan ta sake watsa shi a zangon FM da ƙarfi kaɗan, rediyon mota ya kama kamar tasha. Sharaɗinta shi ne a zaɓi lambar da babu gidan rediyo a kanta, a daidaita na'urar da rediyon a lamba ɗaya. Wannan ya fi sauƙi a yanki irin na Mahuta fiye da birnin Kano, inda tashoshin FM suka yi yawa. Kuma lambar da take fayau a Zuru tana iya yin shuu in an shiga wani babban gari. Ta biyu ita ce na'urar da ake haɗawa da ramin AUX mai faɗin milimita 3.5, in rediyon yana da shi, kuma sautinta ya fi tsabta domin bai sake bi ta iska ba. Ta uku kaset ne na dabara wanda babu zare a cikinsa, sai ɗan naɗin waya da yake isar da sauti ga kan da yake karanta kaset ta hanyar maganaɗisu. Ta huɗu ita ce a sauya rediyon ɗungurungum, wadda ta fi tsada kuma tana bukatar ƙwararren mai gyaran wutar mota.

Akwai matsaloli uku da aka fi fuskanta. In aka ji wani kuka siriri da yake ƙaruwa idan an taka totur, to hayaniyar altaneta ce take shiga, yawanci saboda na'urar da rediyon suna komawa jikin mota ta hanyoyi biyu daban. Ana maganinsa da 'yar na'urar raba haɗi da ake sanyawa a kan kebur ɗin sauti, ko a ba na'urar wuta daga batir nata na daban. Na biyu, a wasu motoci ramin kunna sigari ba ya mutuwa ko an zare makulli, don haka na'urar da aka bari a ciki kwana da kwanaki tana iya shanye batir. Na uku shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu motar da aka rufe a rana takan zama kamar tanderu, alhali batirin litiyam ba a so a yi cajinsa in zafinsa ya haura digiri 45. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Bluetooth da Lafiyar Jiki

Tambayar da aka fi yi ita ce ko waɗannan igiyoyi suna cutarwa. Igiyoyin da suke iya karya ƙwayoyin gado a cikin jiki su ne masu kaɗawa da yawa ƙwarai, kamar hasken hoton ƙashi na asibiti da wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani. Igiyar Bluetooth ta yi nisa da wannan mataki. Hasken fitila ma da ake gani da ido ya fi ta yawan kaɗawa kimanin sau 200,000. Abin da aka tabbatar irin waɗannan igiyoyi suna yi wa nama shi ne ɗumama shi, wannan kuwa ya danganta da ƙarfi. Murhun igiyoyi yana aiki da kimanin wat 800 a cikin akwatin ƙarfe rufaffe, salular GSM tana iya kaiwa wat 2, Bluetooth mai aji na biyu kuwa miliwat 2.5, wato kashi ɗaya cikin 800 na ƙarfin salular. A shekarar 2011 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya igiyoyin rediyo a rukunin 2B, rukunin abubuwan da hujjar da ake da ita a kansu taƙaitacciya ce. Wanda abin ya dame shi ya lura cewa amsa kira ta lasifikar mota yana nisanta salular, mai ƙarfin watsawa, daga kansa.

Haɗarin da babu shakka a kansa guda biyu ne. Na farko shi ne ƙarar sauti. Ƙwayoyin nan masu gashi na cikin kunnen ɗan Adam in sun mutu ba su sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80, in kuwa ya kai desibel 100, to kimanin minti 20 ne kacal a mako. Direba da yaron mota da suke yini cikin kiɗa mai girgiza gilashi su ne suka fi shiga wannan haɗari. In sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji, ƙarar ta yi yawa.

Na biyu shi ne rabuwar hankali. Dokar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take aiki da ita ta hana amfani da waya ana tuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa direba mai amfani da salula ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari kimanin sau huɗu, kuma amsa kira ba tare da riƙe wayar ba bai rage haɗarin sosai ba. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ce take tuƙi, hannu ɗan aike ne kawai. Ido yakan ga abu, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, ta yanke shawara, ta aika wa ƙafa umarni. In tana can tana lissafin cinikin buhunan masara da wani a waya, wannan aiki yakan yi jinkiri. Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu na duba sunan waƙa mita 44 ke nan ba a kallon hanya, a kan titin da babura da shanu da yara masu talla suke ratsawa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. A haɗa na'ura, a zaɓi abin saurare kafin a tashi. In kira mai muhimmanci ya shigo, a sauka gefen hanya.

Ayyuka Don Ɗalibai

Aiki na farko ba ya bukatar sayen komai in akwai salula da ƙaramar lasifikar Bluetooth. A ajiye lasifikar a filin makaranta, ɗalibi ya riƙa ja da baya da salula har sauti ya fara yankewa, a auna nisan da tef. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Sannan a sake gwajin da wani abu a tsakani: katangar laka, fallen kwano, jarkar ruwa, ko ɗalibai biyar da suka tsaya a jere. Za a ga nisan ya canja. Ruwa yana shanye igiyoyin gigahaz 2.4, jikin babban mutum kuwa kimanin kashi 60 cikin 100 ruwa ne, shi ya sa sauti yakan yanke in salula tana aljihun baya an zauna a kanta. Ƙarfe kuwa mayar da igiyoyin yake yi. Malami zai iya amfani da wannan ya koyar da yadda ake canja abu ɗaya tak a gwaji, a bar saura yadda suke.

Aiki na biyu shi ne farfaɗo da matacciyar rediyo. Ana bukatar lasifikarta mai om 4, da ɗan allon karɓar sauti na Bluetooth mai aiki da bolt 5, da ɗan amfilifaya irin PAM8403 mai ba da kimanin wat 3 a kowane ɓangare. Irin waɗannan kaya ana nemansu a wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo a manyan kasuwanni kamar Sabon Gari ta Kano. A haɗa mafitar sautin allon da mashigar amfilifaya, mafitar amfilifaya da lasifika, a ba su duka wuta daga cajar salula. A saurari lasifikar tana tsirara, sannan a huda ƙwarya ko akwatin katako a dasa ta a saurara kuma. Sautin zai yi kauri, domin akwatin ya hana iskar da bayan lasifika yake turawa zagayowa ta soke wadda gabanta yake turawa. In za a sanya wannan a mota, a tuna batirinta bolt 12 ne, kuma yakan haura 14 in inji yana aiki, don haka haɗa allon kai tsaye zai ƙona shi. Sai an bi ta na'urar rage wuta zuwa bolt 5, da fiyus a kan wayar da ta fito daga batir.

Aiki na uku ya haɗa lantarki da darasin halittu. Arduino ƙaramar kwamfuta ce da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai. In aka haɗa ta da allon HC-05 za ta iya aika lambobi zuwa salula mai tsarin Android. A kula cewa ƙafar karɓar saƙo ta HC-05 bolt 3.3 take so, Arduino Uno kuwa 5 take bayarwa. Rizista biyu, mai om 1,000 da mai om 2,000, sukan raba wutar ta koma kashi biyu cikin uku na 5, wato 3.3. Akwai kuma allon ESP32 da kamfanin Espressif na ƙasar Sin ya fitar a 2016, wanda yake da Bluetooth a jikinsa. Da ɗan ma'aunin zafi irin DS18B20 ana iya sabunta tsohon gwajin nan na numfashin iri: a zuba jiƙaƙƙen wake mai tsiro a filas ɗaya, dafaffen wake da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta a ɗaya, a toshe da auduga, a riƙa karanta zafinsu a salula ba tare da an buɗe ba. Mai rai zai fi ɗumi, domin yana ƙona abincin da ya tara.

Wannan ilmi yana da amfani a gida, musamman a ƙasar noma irin ta Zuru. In aka sanya ma'aunin zafi da laima irin DHT22 a cikin rumbu, ana iya sanin halin da hatsi yake ciki daga waje. Masarar da danshinta ya wuce kimanin kashi 13 cikin 100, ko iskar rumbu da laimarta ta haura kashi 70, tana gayyatar fumfuna, cikinsu har da Aspergillus flavus mai fitar da gubar afalatoksin da take lalata hanta. Zafin da ya tashi a tsakiyar hatsi kuwa alama ce ta ƙwari ko fumfuna suna numfashi a ciki.

A duk waɗannan ayyuka a kiyaye ƙa'idoji uku. Kada ɗalibi ya taɓa wutar gida mai bolt 230, ko ya buɗe caja. A yi liƙin dalma a wuri mai iska, a wanke hannu kafin a ci abinci, domin dalma guba ce ga ƙwaƙwalwa. Kuma kada a huda batirin litiyam ko a haɗa bakunansa biyu.

Kammalawa

An ga cewa Bluetooth ƙaramin rediyo ne mai aiki a gigahaz 2.4, mai tsalle tsakanin tashoshi 79, mai ɗaukar sautin da aka matse daidai da yadda kunne yake ji. An ga kuma cewa abin tsoro a tattare da shi a mota shi ne ƙarar da take kashe ji da hirar da take raba hankalin direba. Ana fatan malaman kimiyya, musamman masu kula da ƙungiyoyin JETS a makarantun sakandare na Mahuta da Zuru da sauran wurare, za su gwada ko da aiki na farko tare da ɗalibansu a wannan zangon karatu, su rubuta sakamakon a jadawali, su kwatanta abin da katangar laka ta yi da abin da ta siminti ta yi.